Yadda Ake Auna Shugabancin Haɗin Gwiwa a Makaranta

Na daɗe ina zagaya makarantun firamare da ƙananan sakandare domin duba aiki, kuma ban taɓa tambayar wani hedimasta ko yana tafiya da jama'arsa ya ce mini a'a ba. Yawancinsu ba ƙarya suke yi ba, haka suke ganin kansu. Zai nuna maka kwali manne a bangon ofis: ga kwamitin jarrabawa, ga na ladabtarwa, ga na tsafta, ga na wasanni, kowanne da sunayen malamai a ƙarƙashinsa. Aikin mai aunawa shi ne ya gano ko waɗannan sunaye suna motsi, ko kuwa kwalin ne kawai. Na rubuta wannan bayani ne domin sabon jami'in da ofishin sakataren ilimi ya fara turawa makarantu, da mataimakin hedimasta da aka ɗora wa rubuta rahoton auna kai, da ɗan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, mai son sanin halin da makarantar 'ya'yansa take ciki.

Abubuwa huɗu kake nema: wa ke yanke shawara, wa ya san inda kuɗi da kaya suke shiga, yaya makaranta take idan shugaba ba ya nan, sannan ko duk wannan yana isa ga yaron da ke zaune a aji. Tun bayan dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004, nauyin ilimin farko yana rabe tsakanin hukumar UBEC a tarayya, hukumar SUBEB a jiha da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, daga baya kuma aka umarci makarantu su kafa SBMC domin al'umma ta sami bakin magana. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da ya fara a 2008 ya yi aiki a Kano, Kaduna, Jigawa, Kwara, Inugu da Legas, ya saba wa makarantu da dama da auna kansu da rubuta tsarin raya makaranta. A Nijar ma akwai irin wannan kwamiti, wanda aka fi sani da COGES. Tsari dai yana nan a takarda. Abin da zan koya maka shi ne yadda za ka bambance mai rai da matacce.

Kayan da za ka tanada

- Takardar izini daga ofishin da ya turo ka, don malamai su san aiki ne ya kawo ka, ba tsegumi ba.
- Littafin rubutu mai kauri da biro biyu. Ka ja layi ka raba kowane shafi gida uku: abin da na gani, abin da na karanta, abin da aka gaya mini.
- Agogo, ko waya mai caji.
- Wake ko tsakuwa cike da hannu, da gwangwanaye huɗu masu murfi, an huda kowane murfi.
- Rahoton ziyarar da ta gabata, in akwai.
- Abokiyar aiki mace idan kai namiji ne. Akwai maganar da iyaye mata da 'yan mata ba za su faɗa a gabanka ba ko za ku kwana kuna hira.
- Ruwanka, abincinka da kuɗin motarka. Da gangan na sa su a lissafi. Ranar da hedimasta ya sayo maka abinci ya kuma sa maka na mai a aljihu, alƙalaminka ya yi nauyi, malaman da suka gani kuma bakinsu ya rufu.

Daga makaranta za ka nemi logbuk (littafin da ake rubuta abubuwan da suka faru a makaranta), littafin sa hannun malamai, littattafan bayanin taro na malamai da na SBMC da na PTA, jadawalin darussa, jadawalin diyuti, littafin kuɗi da rasitansa, tsarin raya makaranta, littafin baƙi, da lesin not, wato rubutaccen shirin darasi, na malamai uku ko huɗu.

Kwana biyu aikin yake so. Ka guji Juma'a saboda ana tashi da wuri, ka guji ranar kasuwar garin, da makon farko na zango, da makon jarrabawa.

1. Share fage kafin ka je

Ka kira hedimasta ka gaya masa makon da za ka zo da abin da zai kawo ka, amma kada ka faɗi ranar. Idan ya san ranar, makarantar biki za ka tarar. Idan kuma ka faɗo masa babu sanarwa ko kaɗan, zai ɗauka farautarsa aka turo ka yi, ya kulle zuciyarsa, malamai su bi sahunsa. Ka faɗa masa a fili: "Ranka ya daɗe, ba maki na zo ba ka ba, so nake mu ga yadda ake raba aiki da shawara a makarantar nan." Ka roƙe shi ya sanar da shugaban SBMC. Idan ƙauye ne, ka ware lokacin gaida mai unguwa ko dagaci. Wanda ya tsallake wannan gaisuwa zai ga iyaye suna ba shi amsa a taƙaice, bai san dalili ba.

2. Ka isa kafin a buga ƙararrawa

Minti talatin na farkon safiya sun fi awa uku na hira a ofis. Ka sami gefe ka tsaya, kada ka yarda a kawo maka kujera gaban asambili. Wa ya buɗe azuzuwa? Wa ke tsaye a bakin ƙofa yana karɓar makararru? Malamin da sunansa ke jadawalin diyuti na wannan mako shi ne ke gudanar da asambili, ko hedimasta ne ke addu'a, shi ke sanarwa, shi ke tsawa, shi ke sallama? Ka rubuta ƙarfe nawa aka tashi daga asambili, ƙarfe nawa kuma malami na farko ya ɗauki alli. Ka lura da monitoci da firifet: suna aikinsu da kansu, ko sai an kira sunansu?

Daga nan ka leƙa ɗakin malamai, ko gindin bishiyar da suke zama. Idan hedimasta ya shigo, hira tana ci gaba ko ɗif ake yi? Duk wannan a gidan "abin da na gani" zai shiga, ba tare da fassara ba. Ka rubuta "asambili ya ƙare 8:10, aji uku babu malami har 8:35". Kada ka rubuta "malamai ba su da himma". Hukunci yana da lokacinsa a gaba.

3. Zama da hedimasta

Minti arba'in sun isa. Kada ka yi tambayar da amsarta eh ce ko a'a. Waɗannan su ne suka fi yi mini amfani:

- Wa ya tsara jadawalin darussan bana, kuma yaya aka yi kowa ya sami ajin da yake riƙe da shi?
- Gaya mini wata shawara da ka kawo malamai suka ƙi ta, ko suka gyara ta.
- Wane aiki ne ka sakar wa wani gaba ɗaya har ba ka duba shi sai an kawo maka rahoto?
- Mukullin sito a hannun wa yake? Idan ka yi tafiya, wa ke iya fitar da alli da littattafai?
- Su wa ke sa hannu kafin a cire kuɗi?

Tambaya ta biyu ita ce mai auna zurfi. Shugaban da ke tafiya da jama'arsa ba ya daɗewa yana tunani, zai ba ka labari da sunaye da wata. Wanda ya ce "ai ba a taɓa ƙin shawarata ba" ya gaya maka abu mai muhimmanci, ka rubuta shi yadda ya faɗa, ka wuce ba tare da ka nuna komai a fuska ba.

Sababbin jami'ai suna yawan ruɗuwa da iya magana. Akwai hedimastan da ya halarci bita goma, ya haddace kalmomin bita, "mun" ba ta barin bakinsa. Akwai kuma dattijon da bai iya tsara zance ba, amma mataimakinsa ne ke riƙe da rabin makaranta da yardarsa. Magana shaida ce guda ɗaya tak, sai ta sami 'yan'uwa.

4. Karanta littattafai da idon mai bincike

Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai. Fara da littafin taron malamai, ka koma baya zango uku. Ba yawan tarurruka kake ƙirgawa ba. Ka duba su wa suka yi magana a kowane taro. Idan shafi bayan shafi "shugaba ya ce, shugaba ya ja kunne, shugaba ya umarta", sannan "an rufe taro da addu'a", to wannan sanarwa ce aka tara mutane aka yi musu. Ka duba ko ana waiwayar abin da aka yanke a taron baya, ko an rubuta wanda aka ɗora wa aiki da ranar da zai kawo bayani.

Akwai alamomin littafin da aka cika daren jiya: biro ɗaya daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, shafuka fes babu ƙura babu lanƙwasa, sa hannun mahalarta duk da salon rubutu iri ɗaya. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Ɗauki ranar wani taro, ka buɗe littafin sa hannun malamai na wannan rana, ka ga ko waɗanda aka ce sun halarta sun zo aiki. Ka duba logbuk ko an ambaci taron. Na taɓa samun taron da aka rubuta an yi shi ranar da makaranta ke hutun Sallah. Idan ka ga irin wannan kada ka tozarta kowa a gaban jama'a. Sau da yawa tsoron masu duba aiki ne ke sa a yi haka, kuma mu da muke zuwa muna ƙirga takardu muna da kaso a laifin.

Idan makaranta ba ta da littafin taro sam, wannan ba ya nufin ba a shawara. Ka tambayi mutum uku, kowa daban, yaushe aka yi zama na ƙarshe, a ina, me aka tattauna. Idan bakinsu ya zo ɗaya, an yi zaman, rubutu ne babu, kuma gyaran wannan ba shi da wuya.

5. Bin sawun shawara

Idan lokaci ya ƙure maka har abu ɗaya kawai za ka iya yi, to wannan za ka yi. Ka zaɓi shawarwari uku da aka yanke cikin shekarar: ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta rabon aiki, ɗaya ta karatun yara. Kai za ka zaɓa daga littattafai, ba hedimasta zai zaɓa maka ba. Sai ka bi kowacce kamar mai bin sawun dabbar da ta ɓata, daga inda ta tashi har inda ta kwana. Tambayoyi shida ne:

- A bakin wa maganar ta fara fitowa?
- Su wa aka tuntuɓa kafin a yanke?
- Akwai abin da ya canza saboda tuntuɓar?
- Wa aka ba aikin, kuma an haɗa masa da iko da kayan aiki?
- An yi?
- Wa aka koma aka gaya wa sakamako?

Ɗauki ta kuɗi. A ce iska ta yaye rufin aji biyu, an gyara. Ka tambayi hedimasta, ka tambayi ma'ajin SBMC, ka tambayi malamin da ajinsa ne, in da hali ka tambayi kafintan. Nawa aka kashe? Bandir nawa na kwano aka saya? Wa ya je kasuwa? Me ya sa aka fara da rufi ba bandaki ba, kuma wa ya so a fara da bandaki? Inda ake shugabancin haɗin gwiwa, alƙaluman mutanen nan za su kusanci juna, kuma wani zai tuna gardamar da aka yi. Inda ba a yi, za ka ji "sai dai ka tambayi hedimasta" har sau uku. Wannan ba ya nuna an ci kuɗi. Na ga masu gaskiya ƙwarai da suke cikawa daga albashinsu, amma ba wanda ya san lissafi sai su. Irin wannan mutum shi ya fi kowa shiga haɗari, domin ranar da aka zarge shi ba shi da mai shaida.

A ta rabon aiki, ka duba wa aka ba aji ɗaya, wa aka ba aji shida, wa aka tura bitar da ake biyan alawus. Idan sunaye uku ne ke yawo a kowane kwamiti da kowace bita, to akwai 'yan gaban goshi, sauran kuma 'yan kallo ne. Wannan shi ne nau'in da ya fi ruɗar mai aunawa, saboda daga nesa kamar an raba iko, alhali da'ira ce ƙarama. Malamai mata, malamin Arabiyya, da masu aikin sa kai su aka fi bari a waje, don haka ka nemi sunayensu da gangan.

Ta karatun yara ita ce ta fi daɗin bi idan makaranta na da rai. A wata makaranta na ga an rubuta cewa za a ware rabin awa kowace safiya domin karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku. Na bi sawu, sai na tarar wata malamar aji biyu ce ta gwada yaranta ɗaya bayan ɗaya ta ga da yawa ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Ta gaya wa mataimaki, aka kawo maganar taro, malamin lissafi ya ce ba zai yarda a ci lokacinsa ba, aka daidaita a kan rage tsawon asambili. Hedimasta ya ba ta jagorancin abin duk da tana cikin ƙanana a aiki. Mutum huɗu suka ba ni wannan labari, kowa ta gefensa, washegari kuma na tsaya a taga na ga ana yi. Ban buƙaci wani kwali a bango ba bayan wannan.

6. Jin ta bakin malamai

Kada ka tara su a ofishin hedimasta, kada kuma ya zaɓo maka waɗanda za ka gani. Ka ɗauki wanda ya fi daɗewa, da sabon zuwa, da malama aƙalla ɗaya, da malamin addini, da mai aikin sa kai ko ɗan bautar ƙasa in akwai. Kada ka manta da maigadi da masinja. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su kuwa sun san wanda ke zuwa da wuri da wanda ake aike gida a lokacin aiki.

Nan gwangwanaye ke shigowa. Ka liƙa wa kowanne takarda: na farko "ba a tambayarmu", na biyu "ana gaya mana bayan an yanke", na uku "ana tambayarmu kuma maganarmu tana tasiri", na huɗu "mu ke yankewa a fagenmu". Ka ajiye su a aji marar kowa. Ka karanta tambaya ɗaya, misali rabon azuzuwa, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwayar wake ɗaya. Ka ƙirga, ka rubuta, ka juye, ka koma tambaya ta gaba: kuɗi, ladabtar da yara, zaɓen masu zuwa bita. Na fi son wake a kan takardar tambayoyi saboda malamai suna tsoron a gane rubutunsu, kuma tsoronsu yana kan hanya. Idan malaman ba su kai shida ba, ka bar wake, domin kowa zai iya lissafa wanda ya jefa me. Sai ka yi hira da su ɗaiɗai kuna tafe a harabar makaranta.

Ga gargaɗin da nake so ya zauna maka. A wurinmu yaro ba ya musu da babba a bainar jama'a, balle idan hedimastan nan shi ya koyar da shi a firamare. Shiru a taro ba lallai yarda ba ce, ba kuma lallai danniya ba ce. Ka nemi hanyar da magana take bi. A makarantu da yawa ƙaramin malami yana kai ƙorafinsa ga mataimaki ko ga wani dattijon malami, shi kuma ya sami shugaba bayan sallar azahar, gobe a ga an canza. Wannan hanya ce, kuma tana aiki. Tambayar ita ce ko kowa yana da irinta, har da malamar da ba ta zama a majalisar maza.

Duk wanda ka yi wa alkawarin rufa masa asiri, ka cika. Kada ka rubuta "malamin aji huɗu ya ce" a makarantar da malamin aji huɗu ɗaya ne.

7. SBMC, iyaye mata da ɗalibai

Shugaban SBMC daga cikin al'umma ya kamata ya fito, kuma kwamitin ya ƙunshi mata, da wakilan ɗalibai, da malaman addini, da masu sana'a, da tsofaffin ɗalibai. Ka tambaya yadda aka zaɓe su: a taron gari, ko ɗauki-ɗora aka yi? Ka ce wa mutum biyu su lissafa maka sauran 'yan kwamitin da ka. Wanda bai san abokan zamansa ba, bai taɓa zama ba. Ka tambaye su abu uku na farko da ke cikin tsarin raya makaranta. Ba sai sun iya karanta shi ba, idan da su aka tsara za su faɗa.

Abokiyar aikinka ta zauna da iyaye mata a gidan da suka zaɓa. Tambaya ɗaya takan buɗe komai: idan 'yarki ta daina son zuwa makaranta, wa za ki gaya wa, kuma kin taɓa faɗa an yi wani abu? Ɗalibai kuma ka ɗauki shida zuwa takwas daga manyan azuzuwa, ba firifet kaɗai ba, ku zauna a fili inda kowa ke hango ku amma ba a jin ku. Kada ka taɓa keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki. Idan wani yaro ya faɗi maganar cin zarafi, wannan ta fita daga aikin aunawa, ka kai ta ga ofishin da ya turo ka a ranar.

8. Shiga aji

Aji biyu ko uku sun isa, minti ashirin kowanne. Ba koyarwar malami ka zo yi wa maki ba. Ka buɗe lesin not ka ga ko mai dubawa yana rubuta gyara ko sa hannu kawai yake yi. Ka tambayi malamin yaushe wani abokin aikinsa ya zauna a ajinsa, me kuma ya gaya masa bayan darasi. Ka tambaya ko wanda ya dawo daga bita ya koya wa sauran. Makarantar da ake shawara a kan kuɗin biki da kujeru amma ba a taɓa zama a kan dalilin da ya sa yaran aji huɗu ba sa iya karatu ba, haɗin gwiwarta bai iso inda ake bukata ba tukuna.

9. Ranar da shugaba ba ya nan

Ka nemo a logbuk ranar da hedimasta ya tafi taro a ƙaramar hukuma ko ya yi jinya. Wa ya rubuta logbuk a ranar? Malamai nawa suka sa hannu, ƙarfe nawa? An yi rajistar yara safe da rana? Idan uba ya zo da ƙorafi, an saurare shi ko an ce ya dawo? In ka yi sa'a aka kira shi wani wuri kana nan, kada ka ɗage ziyara, ka zauna ka kalla.

10. Haɗa shaidu ka auna

Da dare, ko da safiyar rana ta biyu, ka shimfiɗa littafinka. Ga kowanne daga cikin abubuwa huɗun da na lissafa a farkon bayanin nan, ka sa makaranta a ɗaya daga matakan da ke jikin gwangwanayen nan. Ƙa'idata ita ce ba na rubuta hukunci sai ya sami goyon baya daga gida biyu cikin ukun shafina. Abin da aka gaya mini kaɗai, ban gani ba ban karanta ba, sai in rubuta shi a matsayin abin da za a bincika.

Kada ka tara makin ka raba ka fitar da lamba ɗaya. Makaranta tana iya zama a mataki na huɗu wajen ladabtarwa, tana na ɗaya wajen kuɗi, kuma wannan bambancin shi ne abin da ake bukatar sani. Kada kuma ka ɗauka kowane abu sai an jefa ƙuri'a. Malamin da ke fashin aiki, ko ginin da ke shirin faɗa wa yara, waɗannan shugaba ne zai tsaya ya yanke nan take. Hedimastan da ke fakewa da kwamiti don gudun ɓacin ran wani, rauni ne ke damunsa, ka rubuta shi a matsayin rauni.

Ka yi la'akari da abin da ba ya hannunsa. Ba shi ke ɗaukar malamai ba, ba shi ke canza musu wurin aiki ba, ba shi ke biyan albashi ba. A makarantar da malamai biyu ke riƙe da azuzuwa shida, kada ka nemi kwamitoci. Ka duba yadda su biyun suke raba nauyi, da yadda suka jawo gari cikin aikin. Idan kuma kai ɗan cikin gida ne, mataimaki ko babban malami, ka nemi wani daga makarantar da ke maƙwabtaka da ku ya yi mataki na 6 a madadinka, ku kuma ku je ku yi musu nasu.

11. Mayar da bayani

Hedimasta za ka fara gani, ku biyu. Ba ya kyautuwa ya ji rauninsa karon farko a gaban waɗanda yake shugabanta. Ka fara da abin kirkin da ka gani, ka faɗe shi da hujjarsa, ba yabon baka ba. Sannan ka ajiye masa shaida ka bar shi ya karanta da kansa: "Ranka ya daɗe, wake goma sha ɗaya cikin goma sha huɗu sun faɗa gwangwani na biyu a kan rabon azuzuwa. Me kake gani?" Ka yi shiru, ka ba shi lokaci. Wani zai fusata, ka bar shi ya huce, kada ka janye abin da ka gani.

Bayan nan ku kira malamai da 'yan SBMC. Su za su zaɓi gyara biyu, iyaka uku, da za a iya yi cikin zango ɗaya ba tare da jiran kuɗi daga sama ba: a riƙa liƙa lissafin shiga da fita a allon sanarwa kowane wata, a karɓa-karɓa wajen jagorantar taron malamai, a fitar da jerin masu zuwa bita tun farkon shekara, a ba mataimaki mukulli na biyu na sito. Kowane gyara a rubuta sunan mai yi da ranar dubawa. Ka rubuta su a littafin baƙi da hannunka, ka ɗauki kwafe.

Ka koma bayan mako shida zuwa takwas, wannan karon na rabin yini. Idan hanya ko tsaro sun hana, ka kira mutum uku a waya, kowa daban: hedimasta, malami ɗaya daga waɗanda ba sa cikin kwamitoci, da mace ɗaya daga SBMC. In ka samu zuwa da ƙafarka, ka fara tsayawa a allon sanarwa ka duba kwanan watan takardar lissafi ta ƙarshe, sannan ka buɗe littafin taro daga shafin ranar ziyararka ta farko, ka karanta sunayen waɗanda suka yi magana tun daga ranar.